Sabo da Kaza: Tarihin Akurki a Gidajen Hausawan Badun



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ranar jajiberin ƙaramar Sallar da ta wuce ne Umma ta miƙa wa ƙanena wuƙa ta ce ya yanka mata kaji biyu da aka sayo, ni kuwa ina kasuwa wajen Baba. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida, ya iya Yarbanci kamar Bayarabe, ya iya waya kamar shi ya ƙera ta, amma sai ga shi tsaye riƙe da kaza bai san ta inda zai fara ba. Ƙarshenta dai sai da aka jira na dawo bayan Magariba. Da Hajiya, wato kakarmu mahaifiyar Baba, ta ji labari ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ba laifinsa ba ne. Ina ya ga akurki balle ya ga yanka?"

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Don kuwa ni na tashi na tarar da akurki a bayan ɗakin Hajiya a nan Sabon Ibadan, garin da mu Hausawa muke kira Badun, amma shi bai tarar ba, alhali shekara tara ko goma ne kawai tsakaninmu. Shi ne na zauna da Hajiya dare da yawa ina yi mata tambayoyi, na haɗa da ɗan abin da na karanta, don in fahimci yadda kaza ta shigo gidajenmu a nan da yadda take fita.

YADDA AKA YI SABO

Kafin mu zo kan kaza, bari mu ɗan taɓo asalin unguwar. Hausawa sun daɗe suna zuwa ƙasar Yarbawa tun kafin Turawa, suna zaune cikin gari a gidajen masu masaukinsu. Amma abin da ya buɗe hanya sosai shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Legas ya iso Badun a 1901, jirgin ƙasa kuma ya fara isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci kuma noman goro ya fara yaɗuwa a ƙasar Yarbawa, wajen su Agege da Ota da Shagamu, ta yadda fataken da a da suke shafe watanni a hanyar Gwanja sai suka juyo da akalarsu nan kusa. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana hawa, Badun kuwa tana tsakiya.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwarsu a gefen gari, kusa da inda ake kira Mokola, ita ce Sabo, aka ba ta sarkinta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 1969, sunansa Custom and Politics in Urban Africa. Wani yayanmu na unguwa da ya yi jami'a ne ya ara mini, na sha wuya da Turancinsa amma na ƙaru. A ciki ya nuna cewa mutanen Sabo a lokacin sun ɗan haura dubu huɗu, kuma shanun da ake sayarwa a Badun a shekara sun kai kimanin 75,000. Ya yi bayanin masu gida da ke sauke fatake, da dillalai, da yadda mahautan Yarbawa ke karɓar shanu bashi a kan amanar mai gida. Ya kuma kawo yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kankama a unguwar a farkon shekarun 1950, har Hausawa suka ware masallacin Juma'arsu a 1952.

To wannan shi ne tarihin zaure, na shanu da goro da sarauta. Ni kuwa tarihin cikin gida nake nema, wanda sai ka wuce zaure, ka wuce soro na biyu, ka yi sallama an amsa, sannan za ka gan shi.

SANIYA BAƘUWA CE

Akwai abu ɗaya da mai karatu zai lura da shi. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a Kurmi, saboda ƙudan tsando da ciwon sammore da yake sa mata. Idan ta iso, dole a sayar da ita cikin 'yan kwanaki kafin ta rame, wannan ma yana cikin dalilin da ya sa ake bayar da ita bashi. Goro shi ma ba ya zama, ana ɗaure shi cikin huhu ne a loda. Wato duk dukiyar da ta kafa Sabo mai wucewa ce. Haka mutanen farko ma, yawancinsu gwagware ne da 'yan ci-rani, tabarma da buta da ɗan akwati, zuciyarsu tana gida.

Hajiya ta ce a zamaninsu idan kana son ka gane wanda ya zo zama da wanda ya zo ci-rani, kada ka dubi rigarsa, dubi bayan ɗakinsa. Mai niyyar komawa kafin damina ba ya ajiye kaza. Kaza tana kwanci kwana ashirin da ɗaya kafin ta ƙyanƙyashe, ɗan tsakon kazar Hausa kuma sai ya yi wata biyar zuwa shida kafin ya isa yanka. Duk wanda ya gina akurki, to ya yarda zai ga wata shida a wurin, kuma ya kawo mace, don namiji ba ya zama gadin 'yan tsaki.

Ita Hajiya an kawo ta Badun tana amarya daga wani ƙauye a ƙasar Kano, bayan an gama yaƙin basasa, lokacin ana lissafi da sule da fam, don Naira sai 1973 ta zo. Cikin kayanta akwai kwando da budurwar kaza da zakara, gwaggonta ce ta ba ta. Ta ce a jirgi ta riƙa ɗiga musu ruwa da murfin kwano har suka iso. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, dariya ya yi mata, ya ce ina ita ina kaza a garin da ake yanka shanu kamar a banza? Ta ce masa, "Malam, shanun naka ne?" Ya yi shiru, don kuwa shi yaron mai gida ne a lokacin, na wasu yake tsarewa.

Ba wai ta tarar da ƙasa babu kaji ba ne. Yarbawa mutanen kaza ne ƙwarai, adiye suke ce mata, har a labarin da suke bayarwa na asalinsu akwai kaza mai yatsu biyar da suka ce ita ta baza ƙasa a kan ruwa a Ile-Ife. Don haka kajin Sabo ba su daɗe ba suka gauraya da na maƙwabta. Zakara ba ya tambayar katangar wa zai tsallaka. Hajiya ta ce cikin shekara biyu ta fara ganin 'yan tsaki masu wuya babu gashi a akurkinta, irin da ba ta zo da shi ba.

DUKIYAR MATAN KULLE

Shi wancan masani ya kawo cewa matan aure a Sabo suna cikin kulle, amma su ne ke riƙe da sana'ar dafaffen abinci, yara suna yi musu talla, gwagware da baƙi suna saye, ribar kuma suna tara ta a kwanuka masu fenti da ake jerawa a ɗaki. Da na faɗa wa Hajiya ta ce gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta da akurki.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai tuwon sayarwa kullum tana surfe, tana samun dusa da tsaki. Ga ƙanzo, ga ragowar da 'yan talla suka dawo da shi. Wannan duk abincin kaji ne, ba a sayen komai. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar ta kwanta, kamar sau uku a shekara. Shaho zai ɗauki nasa, gafiya ta ɗauki nata, ruwan saman Kurmi ya kashe wasu, amma ba a rasa huɗu ko biyar da za su tsira. Da damina kuma direbobin da ke kawo kaya daga Arewa sukan zo da ƙwan zabi, sai a sa wa kaza ta kwanta a kai, kwana ashirin da bakwai ko da takwas ta fito da 'ya'yan da ba nata ba, tana yawo da su tana kare su.

Muhimmin abu shi ne, kaza ta mace ce. Mai gida ba ya yanka kazar matarsa sai da izininta, in baƙo ya zo masa ba shiri, saye yake yi a hannunta ko ya ci bashi. Idan yaro ya kwanta ciwo kuma mai gida yana hanyar Kano da goro, kaza biyu ake kamawa a aika kasuwa. Idan zubin adashi ya zo babu kuɗi, kaza. Idan za a biya kuɗin Laraba na makarantar allo, ƙwai. Hajiya ta ce da kaji ta sayi akuyarta ta farko, da 'ya'yan akuyar ta yi wa babbar gwaggonmu gado da katifa. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma ita cewa take yi wanda ya yi wannan karin magana bai taɓa zama a garin da ba shi da dangi ba.

Ban da haka kaza ba ta bukatar firji. Naman da ke yawo da ƙafarsa ba ruwansa da ɗauke wuta. Ranar da ake so a ranar ake yankawa, a ranar ake cinyewa.

Sai kuma hidimomin da ba sa yiwuwa sai da ita. Ango yana shiga da kazar amarci. Mai jego ana yi mata farfesu da yaji. Ranar goma ga Muharram ana cika-ciki, kusan kowane gida sai an ji ƙaurin babbaka, kuma abin sha'awa Musulmin Yarbawa su ma suna da irin wannan, kayokayo suke cewa, ma'anarsa ɗaya da tamu. Baƙon da ya zo daga gida kuwa, idan ba a yanka masa kaza ba, labari zai koma ƙauye cewa su wane suna cikin wahala a Kurmi.

YADDA AKA KOYA MANA YANKA

Ni ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya fara ba ni wuƙa. Da farko sai a wasa ta sosai, kuma ba a gaban kazar ba. A ba ta ruwa ta sha. A tona ɗan rami a gefen rariya don jini. Sai ka fuskantar da ita alƙibla, ka take fikafikanta da ƙafa ɗaya, ƙafafunta da ɗayar, ka riƙe kan da hannun hagu, ka ɗan cire gashin wuyan don ka ga inda za ka sa wuƙa. Ka ce Bismillahi Allahu Akbar, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya guda biyu, kada ka ɗaga hannu sai ka gama. Haka malamanmu na Malikiyya suke karantarwa a Risala. Ba a cire kai gaba ɗaya da gangan, ba a kuma jefa ta ruwan zafi tana shure-shure, sai ta natsu.

Ranar farko hannuna rawa ya yi, na sassauta ƙafa, kaza ta fizge ta yi cikin tsakar gida tana fantsama jini a wankin Umma. Baba bai dake ni ba. Ya duba wuyan ya ga yanka ya yi, ya ce, "Ta halatta. Amma gobe ka tuna, tausayi shi ne ka yi sauri, ba ka yi sanyi ba."

Wani abin lura, a fiƙihu yankan mace ya halatta, amma al'ada ta sa matanmu ba sa yi. Shi ya sa a da idan maza sun fita, sai ka ji ana leƙe ta zaure ana neman almajiri ko wani dattijo mai wucewa. Maƙwabtanmu Yarbawa ma, har waɗanda ba Musulmi ba, sukan aiko da kaza a yanka musu idan suna da biki, don kowa ya iya ci. Akwai wata Iya mai sayar da manja a bayan layinmu, duk Kirsimeti sai ta aiko da kajinta Baba ya yanka, in an dafa kuma ta aiko mana da namu a kwano. Ita ta san ba ma cin abin da ba mu san yankansa ba, ta nemo hanyar da za mu ci nata.

Bayan yanka aikin mata da yara ne. A wanke jinin wuyan, a tsoma a ruwan zafi, a fige, a babbake a kan wuta don ƙananan gashi su ƙone, a wanke da dusa ko lemun tsami. Wajen fasa ciki ake gane gwana, don idan matsarmama ta fashe a kan hanta, ɗaci ya ɓata nama. Ƙundu a tsaga shi a zubar da tsakuwar ciki a ɓare fatar. Mu yara muna tsugune muna jiran hanji, mu wanke mu naɗe a tsinke mu gasa. A gidanmu ƙundu na Baba ne, cinya ta baƙo, kai da ƙafafu namu. Idan aka rasa ƙundu a miya, ranar sai an yi shari'a.

TUKUNYA RUWA BIYU

Idan kana son ka ga yadda zama ya canja mu, leƙa tukunya. Hajiya ta zo da girkin gida: kaza a miyar kuka ko kuɓewa busasshiya da daddawa da man shanu, sai farfesu da citta da kanumfari da masoro, sai dambun kaza da Sallah, wanda ake dafawa a daka a turmi a soya har ya bushe, ya yi watanni bai lalace ba. Dambun nan shi ne guzurin fatake da mahajjata, shi ake aika wa ɗa idan yana karatu nesa.

Umma kuwa a nan aka haife ta. Ita tana soya kaza ne ta zuba a jar miya irin ta Yarbawa, attaruhu da tattasai da albasa an markaɗa, an soya da manja har mai ya taso. Ranar Juma'a sai ta yi amala da miyar ewedu, wato lalo a wajenmu, da gbegiri na wake, abincin da aka san Badun da shi, ta ɗora kazar Hausa a kai. Hajiya ta yi shekaru tana cewa wannan baƙin tuwo ba zai shiga cikinta ba, yanzu kuwa ita ke tambaya idan an kwana biyu ba a yi ba. Da muka je ƙauye biki, 'yan uwa suka ɗanɗana miyar Umma suka ce yajin Yarbawa ya yi yawa. A nan kuma abokaina Yarbawa suna cewa miyarmu tana ƙanshin Hausa. Kowa da gaskiyarsa.

ZUWAN KAJIN AGIRIK

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa da ake kira Operation Feed the Nation, aka riƙa kiran mutane su yi noma da kiwo ko da a bayan gida ne. Daga wannan zamani kajin Turawa, waɗanda muke kira agirik, suka fara yawa. Sannu a hankali Badun da kewayenta suka zama cibiyar ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Nijeriya, ta yadda har daga Kano da Sakkwato ake yin odar 'yan kwana ɗaya daga nan. Dubi ikon Allah: Hajiya ta kawo kaza daga Kano a kwando, jikokinta suna loda 'yan tsaki a kwali zuwa Kano.

Kazar agirik ta nama cikin mako shida zuwa takwas ta isa yanka. Amma ba ta cin dusa da ƙanzo ta yi girma, sai abincin buhu, sai magani, sai fitila da dare. Ba ta kwanci, ba ta ƙyanƙyasa, in ka sayar sai ka koma ka sake saye. Wato kiwon ya tashi daga abin da mace ke yi da ragowar tukunya, ya koma abin da sai da jari. Masana sun yi ƙoƙarin samar da na tsakiya, kamar Shika Brown da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, da Noiler da wani kamfani a garin Awe na jihar Oyo ya fitar, wadda take iya kiwo a tsakar gida. Umma ta gwada Noiler, ta yi girma, amma Hajiya ta ce romonta bai kai ba.

Sai kuma kajin ƙanƙara. A farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Obasanjo na farar hula, gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji daga waje, amma aka ci gaba da fasa-ƙwaurinsu ta Kwatano, suna da araha, sun cika kasuwanni. A Sabo muhawarar ba ta tsada ba ce, ta yanka ce: wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah ko inji ne ya fille? Baba har yau ba a shigar masa da su gida. Amma gidaje da yawa sun saba, musamman masu abincin sayarwa.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'i a kajin Afirka. Ta bazu jihohi da dama, aka riƙa kashe kaji ana binnewa, gwamnati ta sa diyyar Naira 250 a kan kowace kaza a farko. A watan Janairun 2007 wata matashiya ta rasu a Legas sanadiyyar cutar. Ina ƙarami a lokacin, abin da nake iya tunawa shi ne an hana mu shiga bayan ɗaki. Umma ta ce tsoro ya sa mata da yawa a layinmu suka yanke kajinsu gaba ɗaya, wasu kuma ba su sake ajiyewa ba. Su da ma sun saba da annobar da ke zuwa da hunturu tana share akurki, wadda cibiyar Vom ta jihar Filato ke yi wa rigakafi, amma wannan ta farko ce da aka ce tana kama mutum.

INDA AKURKI YA TAFI

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba mura ce ta kashe akurkin gidanmu ba, ɗaki ne. Sabo ba ta da inda za ta faɗaɗa, gari ya kewaye ta ta ko'ina, mutane kuma kullum ƙaruwa suke yi. Duk wanda ya yi aure sai an yanka masa ɗaki a tsakar gida. Da ƙanen Baba zai yi aure, aka duba aka rasa wuri sai bayan ɗakin Hajiya. Aka rushe akurki, aka yi siminti. Kajin da suka rage guda bakwai, jikokin jikokin waɗanda suka zo a jirgi, aka yanka su aka yi abincin bikin da su. Hajiya ba ta ci ba.

Waɗanda suka fita suka kama haya a wasu unguwanni kuma, mai gida ba ya yarda da kaza, wai tana ɓata masa tsakar gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 hatsi ya yi tsada, dusar da a da ake kyauta yanzu awo ake yi. Yau idan ana son kaza sai a je kasuwa, a zaɓa, yaran da ke wurin su yanka su fige su zuba a leda. Yawancinsu ma yaranmu ne Hausawa, yanka ya zama sana'ar wasu, ya bar hannun kowa.

Akwai karin maganar da duk wanda ya ji sunan unguwarmu yake tsokanarmu da ita: sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A da dariya nake yi. Amma a watan Fabrairun 2021, da rikici ya tashi a kasuwar Shasha a nan Badun, aka rasa rayuka aka ƙona shaguna da gidaje, na ga mutanen da aka haifi iyayensu a garin nan suna hawa mota da ƙullin kaya za su "gida", gidan da wasunsu ba su san hanyarsa ba. Mu a Sabo Allah ya tsare, amma mun kwana biyu ba mu yi barci ba. A cikin waɗannan kwanaki Iya mai manja ta zo har ɗakin Hajiya ta zauna, ta ce in abu ya ɓaci a kawo mata yara. Ba a zaure aka ƙulla wannan zumunci ba. A kan kajin Kirsimeti aka ƙulla shi, da neman ɗan tsakon da ya ɓata ta kan katanga, shekara da shekaru.

Da ƙura ta lafa na tambayi Hajiya ko tana son a mayar da ita ƙauye ta ƙarasa a can. Ta ce, "Ɗan nan, mijina yana kwance a ƙasar nan, 'ya'yana biyu suna kwance a ƙasar nan. Wanda ya gina akurki ba baƙo ba ne."

ABIN DA NA YI

Bayan Sallah na sayo waya da katako, na haɗa ɗan keji mai hawa biyu a lungun da ke tsakanin banɗaki da katanga, bai fi taku uku ba. Na roƙi wani direba da ke kawo wa Baba kaya ya taho mini da budurwar kaza biyu da zakara daga ƙauyenmu. Kiwon na ɗora wa ƙanena, shi ke ba su ruwa da tsaki kafin ya tafi makaranta, Hajiya kuma tana zaune a kan kujerarta tana ba da umarni kamar sarkin Sabo. Ɗaya ta riga ta kwanta a kan ƙwai goma sha ɗaya. Na gaya masa cikin waɗanda za su tsira, zakaran farko da ya isa, shi zai yanka da hannunsa, ni zan riƙe masa fikafikai kawai.

Shawarata ga 'yan uwa na Agege da Shagamu da Abakwata da Anacha da Fatakwal da duk inda Allah ya ajiye mu, idan akwai tsohuwa a gidanku ku zauna ku tambaye ta abin da ta zo da shi a kwando, kafin a wayi gari babu ita. Idan kuma akwai ɗan lungu da ya rage ba a yi masa siminti ba, ku san abin da za ku yi da shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a abin da muke ci.